Makwancin Ayu

Ranar Talata da hantsi abin ya faru, kuma a gaban baƙi takwas.

Idalia ce riƙe da sitiyarin jirgi, mahaifinta Don Chebo yana tsaye a goshi yana karanta ruwa kamar yadda ya saba. Sun zagayo kurmin da ke arewacin tsibirin Caye Caulker ke nan, ta rage wuta don kada ƙarar inji ta firgita dabbobin, sai ta ga tsohon ya sandare. Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. Wani farin jirgi ne mai inji biyu zaune daram a kan makwancin ayu, ya jefa ƙugiyar da ke tsayar da shi tsakiyar ciyawar da suke kiwo, mutum kusan ashirin suna ta facal-facal cikin rigunan ceto suna ihu.

Ayu ko ɗaya bai tsaya ba. Wa zai tsaya?

Ba jirgin ne ya sa gabanta ya yanke ya faɗi ba, sunan da ke rubuce a gefensa ne. Kamfanin San Pedro ne, inda Alwyn Cacho yake aikin raka masu nutso. Alwyn ɗin da ya zo neman aurenta wata huɗu da suka wuce, Don Chebo ya bar shi tsaye a ƙofar gida ko kujera bai nuna masa ba.

Tsohon ya juya yatsa a iska, ta juya jirgi. Suka kai baƙin wajen duwatsun murjani inda kowa ke zuwa, aka raba musu gilashin ido da bututun numfashi, suka sha kallon kifaye. Wata Baturiya mai jan hanci sai tambaya take ina ayun da aka yi mata alkawari, Idalia tana murmushi tana cewa yau sun yi tafiya.

Wanda bai san tsibirin nan ba zai ce wuri ɗaya a cikin teku me ya ɗauka. To, jiragen yawo sun fi talatin a nan, kowa gilashinsa iri ɗaya, kowa abarbarsa da kankanarsa iri ɗaya. Abin da ya raba gidansu, gidan Novelo, da sauran shi ne wannan ramin mai ɗumi a tsakiyar ciyawar ruwa, inda ayu huɗu ko biyar ke zuwa hutawa. Kakan Idalia ne ya gano shi. Ba a rubuta shi a takarda, ba a sa shi a waya. Alama biyu ake haɗawa da ido: ƙarfen sabis ya hau kan shuɗin rufin makaranta, doguwar kwakwa mai rangwaɗa ta shiga tsagin kurmi. Inda suka haɗu, nan ne.

Dokar Don Chebo biyu ce, kuma kowa ya san su. Kafin a bar gadar da jirage ke tsayawa, kowane baƙo zai kashe wayarsa ya jefa a bokiti mai murfi. Idan aka isa, Idalia kaɗai ke ɗaukar hoto, kuma dole ta juya wa tsibiri baya, kada wani abu ya fito a bayan mutum sai ruwa da sama. Marigayiya mahaifiyarta sai da ta shekara biyar a gidan kafin aka nuna mata alamun.

Sai da suka sallami baƙi, suka wanke kaya, suka hau gida, sannan tsohon ya buɗe baki. Yayarsa Tiya Nelda, wato Gwaggo Nelda, tana nan ta zuba shinkafa da wake na ruwan kwakwa, da soyayyen kifi, amma babu wanda ya taɓa cokali.

"Na gaya miki tun ranar farko," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ke yake so ba. Ramin yake so."

"Papa, ba ka da shaida."

"Jirgin waye kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. Tiya Nelda kuwa dama jira take a buɗe mata ƙofa. Ta fara jero abin da ta saba jerowa: mutumin Dangriga ne, can kudu, babu wanda ya san kakansa a nan, yau yana wannan kamfani gobe yana wancan, duk abin da ya mallaka jaka ɗaya ce da takalmin iyo. Ga Osmar Heredia, ɗan gida, motocin batir goma sha biyu yana bayarwa haya, duk baƙon da ya sauko daga jirgin fasinja shi ke fara kama hannunsa, kuma ina yake kai su in ba rumfar Novelo ba? Shekara biyu yana zarya, mace mai shekara ashirin da bakwai tana yi masa yanga kamar 'yar sha shida.

"Tiya, ba na son Osmar."

"So? Ga inda so ya kai mu. Ci abincinki."

Don Chebo ya ture faranti. Ya ce ba zai ɗaura mata kowa ba, ita ba yarinya ba ce. Amma in ta sake tsayawa da wancan mutumin, ta ajiye masa makullin jirginsa, kuma ranar bikinta kada ta nemi wanda zai riƙe hannunta zuwa gaban coci. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Idalia ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Kukan ba na maganar mahaifinta ba ne kaɗai. Akwai abin da ta sani wanda shi bai sani ba.

Ta taɓa kai Alwyn wurin.

Wata Lahadi ce a watan Mayu, tsohon ya tafi birni ganin likitan ido. Ita ta matsa, shi ya ƙi, ta yi fushi, ya yarda. Suna barin gada ya kwanta a ƙasan jirgi ya kifa hularsa a fuska, ya ce ba ya son ganin abin da ba a ba shi ba. Ta yi ta yi masa dariya har suka isa. Ranar wata uwar ayu ta taso da ɗanta dab da su, ta fesar da numfashi, Alwyn ya fito daga ruwa yana dariya kamar an yi masa albishir. A ranar ta tabbatar shi za ta aura.

Yanzu hular nan ce ta hana ta sukuni. Hular saƙa ce ta kaba, mai huji-huji. Me zai hana mutum ya leƙa ta cikinta? Kuma wanda ya shekara goma a ruwa, ai ko idonsa a rufe zai iya ƙirga mintoci ya ji inda jirgi ya karkata. Abin da ta ɗauka kunya ce da mutunci, ta juya shi ta ga yana iya zama wayo. Duk kalmar da ya taɓa faɗa mata sai ta ɗauko ta tana dubawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Washegari ta buɗe rumfa da kumburarrun idanu. Ƙarfe takwas daidai Osmar ya iso da motarsa ɗauke da baƙi huɗu, farar riga a goge, zoben zinariya a babban yatsa, turare ya riga shi shigowa. Ya sauke su, ya wuce kai tsaye ya buɗe kabad ɗin kaya ya fara gwada musu gilashi, kamar yadda yake yi kullum ba tare da an roƙe shi ba.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi, yana girgiza kai. "Ban so in faɗa ba, Dalia, amma dama jikina bai taɓa ba ni mutumin nan ba."

Ta ce masa labari yana gudu a garin nan. Ya ce ai tsibirin duka titi uku ne, in ka yi atishawa a kudu sai a ce maka sannu daga arewa. Ya ƙara da cewa duk ranar da Don Chebo yake bukatar wani abu, ko mota ko mutum, yana nan. Ta yi masa godiya a gajarce.

Da yamma Alwyn ya kira. Sau uku tana kallon wayar tana ƙara kafin ta ɗauka. Ya ce ya ji, kuma ba da shi aka je ba, ranar yana can wajen masu nutso mai zurfi. Ya ce ta ba shi kwana biyu zai gano bakin zaren. Muryarsa ba ta rawa, wannan ma ya ƙara ba ta tsoro, don ta taɓa jin an ce ƙwararren maƙaryaci ba ya in'ina.

Nan ta yi abin da za ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Ta sassauta murya ta ce kada ya damu, ai Papa yana da wuri na biyu da ya fi wancan. Ta ba shi alamu: tankin ruwa a kan farin otal, da bakin mashigi a hannun hagu. Ƙarya ce tsagwaronta, babu komai a can sai farin yashi. Ta ce a ranta, in ta ga farin jirgi a wurin, magana ta ƙare.



"To," in ji shi. "Na ji."

Ranar Alhamis da Juma'a duk fitar da suka yi sai ta ɗan karkata hanya ta saci kallon farin yashin. Babu kowa. Maimakon ta ji sanyi, sai zuciya ta ce mata ya gane tarko ne shi ya sa. Haka zargi yake, ka ba shi hujja ya ci, ka hana shi ya ci kansa. Farin jirgin kuwa kullum yana makwancin ayu, Don Chebo ya daina zuwa, ya rame a kwana uku kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

Ranar Asabar ƙarfe uku saura, saƙo ya shigo: tana iya zuwa gadar jirgin fasinja? Minti biyar kawai.

Ta bar wa Tiya Nelda rumfa, ta hau kekenta. Ta same shi a ƙarshen gada zaune kan jakarsa, leɓensa na ƙasa a fashe, hular kaban nan a gwiwa. Baƙi suna ta jan akwatuna a kan katako, wani yana kururuwar masu zuwa birni su yi layi.

"Me ya sami bakinka?"

"Na tambayi direban farin jirgi tambaya, bai so ba. Na bar aikin." Ya miƙo mata wayarsa. "Duba. Wannan aka turo masa."

Ta karɓa. Alwyn ne a hoton, jiƙe sharkaf, yana dariya a gefen jirginsu. A bayansa tsibiri ne kwance tar, ƙarfen sabis a kan shuɗin rufi, kwakwa mai rangwaɗa a cikin tsagin kurmi. Ita ta ɗauke shi ranar Lahadin nan. Don murna ta manta ta juya. Ta wanke shi a takarda, ta manna a cikin ƙofar kabad ta can ƙasa, inda Papa ba ya sunkuyawa saboda bayansa, don ta riƙa ganinsa duk safiya.

Kuma wannan na cikin wayar, hoton wancan na takarda ne aka ɗauka. Ana ganin katakon kabad a gefe, da igiyar wani gilashi, da babban yatsan da ya danne kusurwar takardar, mai zoben zinariya.

Ta dafa turken gada.

"Alwyn, ni ce. Ni na jawo."

"Mantuwa ce, kowa yana yi. Ba wannan ya kawo ni ba." Ya karɓi wayarsa yana kallon ruwa. "Tankin ruwa a kan farin otal. Dalia, a wurin nan nake koya wa sababbi numfashi da bututu, saboda babu komai sai yashi. Kina faɗa na san me kike yi."

"Na rikice ne. Papa ya ce, Tiya ta ce, ni kuma hular nan..."

"Hular?" Ya ɗaga ta ya duba, ya yi wata dariya marar daɗi. "Idona a rufe yake a ƙarƙashinta. Har na ji jiri ban buɗe ba. Mahaifinki ya kira ni ɓarawo, ban ji komai ba, bai san ni ba. Ke kin san ni."

Hawaye suka ɓalle mata, ba ta damu da masu kallo ba. Ta ce ya yafe mata, ta ce ya zo su je yanzu ya nuna wa Papa. Ya girgiza kai. Ya ce in ya nuna, Osmar zai faɗi, amma ita za ta riga shi faɗuwa, don ita ta kai bare wurin, ita ta karya dokar hoto. Tsohon ba shi da kowa sai ita da jirgin nan. Gara a bar shi da ɓarawonsa na Dangriga, ya fi sauƙin ɗauka.

"Ka tafi da sunan da ba naka ba?"

"Suna ne kawai. A gida sun san wanda suka haifa. Abu ɗaya na zo in gaya miki, ki sa wa kabad ɗin nan kwaɗo." Ya miƙe ya saɓa jaka. "Jirgin uku da rabi zan bi. In na kwana a birni, gobe ina Dangriga."

Ya shiga layi bai waiwayo ba.

Ba ta san yadda ta tuƙo keken ba. Da ta iso rumfa, Don Chebo yana zaune yana gyaran igiya, Tiya Nelda tana fifita, Osmar ya jingina da motarsa ya kawo musu ruwan kwakwa mai sanyi, ana hira kamar an riga an zama dangi. Shiru kawai za ta yi, makullin jirgi ya ci gaba da zama a wuyanta, Papa ya ci gaba da ganinta 'yar da ba ta taɓa saɓa masa ba. Ta tsaya ta ji nauyin makullin a ƙirjinta.

Sai ta wuce su, ta durƙusa, ta ɓamɓaro hoton daga ƙofar kabad, ta ajiye a kan gwiwar mahaifinta.

"Papa, ni na kai shi, ranar da ka je likita. Fuskarsa a rufe har muka isa. Ni na ɗauki wannan."

Tsohon ya ɗaga takardar ya nisanta ta da idonsa. Bai kalli fuskar da ke dariya ba, bayanta ya kalla, ya daɗe yana kallo. Tiya Nelda ta daina fifita.

"Ina yake ajiye?"

"A cikin kabad. Ta ƙasa."

"Ni ba na sunkuyawa. Nelda ba ta taɓa kayan ruwa." Ya juya a hankali. "Wa ke buɗe kabad ɗin nan bayan ke?"

Idalia ta ce a hoton da aka tura wa direban farin jirgi, akwai yatsa a gefensa, da zobe. Osmar ya yi dariya, ya ce haba Don Chebo, zobe ai kowa yana sawa, wannan sharrin wancan mutumin ne. Yana magana yana cusa hannun dama a aljihu. Tsohon ya bi hannun da ido har ya ɓace, sannan ya ce masa ya ɗauki ruwan kwakwarsa da motarsa, kuma daga yau ya kai baƙinsa wata rumfar. Tiya Nelda ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ta rufe.

Daga can bakin gada jirgin fasinja ya busa ƙaho. Jirgin da bai taɓa tashi kan lokaci ba, yau ya ga dama.

Don Chebo ya miƙa tafin hannu. Idalia ta gane. Ta cire igiyar daga wuyanta, ta ajiye masa makullin da ta riƙe shekara tara.

"Ba za ki sake tuƙa jirgina ba sai ranar da na ce," in ji shi. "Abin da kakanki ya ɓoye shekara hamsin, kin manna shi a ƙofar kabad."

"Na sani, Papa."

"Ina mutumin yake?"

"Cikin jirgin nan. Ya bar aikinsa. Ya ƙi nuna maka don kada ka yi fushi da ni."

Tsohon ya runtse ido. Ya ninke hoton ya sa a aljihun riga, ya miƙe da ƙyar yana dafa baya, ya nufi gadarsu. Da ya ga ba ta biyo shi ba, ya waiwayo.

"Tsayuwar me kike? Kwance igiya. Ban ce na ba shi ke ba, kada ki ji abin da ban faɗa ba. Amma na kira mutum ɓarawo a gaban yayata, ba zai tsallaka ruwan nan da sunan ba."

Rabon da ta ga mahaifinta ya ba inji wuta haka tun tana 'yar makaranta. Jirgin ya ɗaga goshi, ruwa yana dukan fuskarta yana haɗuwa da hawaye. Sun cim ma jirgin fasinja kafin ya fita mashigi ya saki gudu, suka jera da shi, baƙi suna ta ɗaga musu hannu suna zaton wasa ne.

Ta hango shi a bencin baya, shi kaɗai. Ya jingina da jakarsa, ya kifa hular kaba a fuska don kada ya ga tsibirin.

Ta kira sunansa, iska ta kwashe. Ta sake kira, bai motsa ba, kuma ta san ya ji. Jirgin fasinja ya fara ƙara wuta, tazara tana buɗewa.

Sai Don Chebo ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya cire tasa hular, ya ɗaga muryar da yake kiran jirage da ita tun kafin a san waya.

"Mista Cacho! Na yi maka ƙazafi!"

Hannun Alwyn ya tashi a hankali ya kama bakin hular, ya tsaya a nan.